Sikelin da Na Samo a Hanyar Malumfashi

Har yau idan na zauna a dakalin ƙofar gida baƙo ya zo wucewa, nakan ji ɗan rakiyarsa ya rage murya yana cewa ga tsohon nan da ya tafi Malumfashi a guje. Daga nan kowa sai ya ɗora nasa. Wasu su ce gasa na shiga har aka ba ni kofi, alhali kofin da na taɓa mallaka a duniya na shan shayi ne. Baffanku na Gozaki kuwa ya yi shekaru yana rantse wa mutane cewa iska ce ta buge ni a bakin rafi, kuma da an bi shawararsa an yi mini turare da ban je ko'ina ba. Ku kanku 'ya'yana na lura kowa da irin labarin da ya riƙe, domin kuna ƙanana sa'ad da abin ya faru. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku yadda aka yi tun hankalina na jikina, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba, waɗanda su ne ma suka fi yawa.

Kun san aikina: shekara ashirin da 'yan kai ina tsaye gaban sikeli a kamfanin gurzar auduga nan Funtua. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aikin ya dace da halina. Tun ina yaro a Gozaki ba na iya ganin abu in ƙyale shi, sai na san me ke cikinsa, kuma don me ya yi haka bai yi haka ba. Na taɓa kwance agogon mahaifina don in ga abin da ke ƙara a ciki. Na sha dukan da har yanzu nake tunawa, amma dai na gani. Da Allah ya haɗa ni da sikeli sai abin ya ƙaru. Na auna ragon layya kafin ya sha ruwa da bayan ya sha. Na auna buhu ɗaya da safe na sake auna shi da yamma, in ga abin da raɓa ke ƙarawa. Sai dai sikelin ya koya mini wani hali da ban ankara da shi ba sai da ya yi mini ɓarna, wato zargi. Manomi zai yayyafa wa audugarsa ruwa da asuba don ta ƙara nauyi, wani ya cusa yashi a tsakiyar buhu, ya tsaya yana kallon idonka yana murmushi. A hankali na zama mutumin da duk abin da aka kawo gabansa sai ya cire wani abu a ransa kafin ya yarda. In na dawo gida nakan ba ku labarin masu yayyafa ruwa muna dariya, har maganar ta zama ta gidanmu, wanda duk ya cika baki sai a ce masa ya rage ruwa.

Yayarku Ummi, wadda na sa wa sunan mahaifiyata shi ya sa ba na kiran sunanta na yanka, an haife ta da sikila. Shekarar da nake ba ku labari tana da sha ɗaya. Ciwon nata shi ne abu guda da ya gagare ni aunawa. Ba kumburi, ba rauni, sau da yawa ko zazzaɓi babu. Yarinya tana 'yar gala-gala da hantsi, kafin la'asar ta duƙunƙune a tabarma ta riƙe ƙafa tana ihu. In taɓa wurin, in danna, in tambaye ta nan ne ko nan, ban ga komai ba. Wata rana na dawo daga aiki a gajiye, kaina na sarawa, na tarar tana kuka, Innarku na gasa mata gwiwa da tsumma da ruwan ɗumi. Na tsaya a kansu na faɗi maganar da na fi nadamar faɗi a rayuwata, kuma da fara'a na faɗe ta.

"Ummi, wannan kukan dai an yayyafa masa ruwa. Ba ɗazu na bar ki kina tsalle ba? A rage mana kaɗan."

Nan take ta yi shiru kamar an kashe rediyo. Innarku ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na shige ɗaki ina jin daɗin na gano wani abu, ai ga shi da aka yi magana kukan ya tsaya. Wata guda da 'yan kwanaki ban sake jin kukan yarinyar nan ba, har nakan ce wa Innarku, "Kin gani ko?" Ashe ciwon bai je ko'ina ba, baki ne ta rufe. Da ya sake tasowa da ƙarfi ta yi kwana biyu tana cizon matashi ba wanda ya sani. A safiya ta uku ta je ɗiban ruwa a randa ta faɗi a wurin, idanunta sun yi ruwan ɗorawa, leɓenta fari fat. Muka kwashe ta sai asibiti, aka yi mata ƙarin jini. Likitan ya kira ni gefe.

"Malam, yarinyar nan ta daɗe a cikin wannan halin. Me ya hana ku kawo ta?"

Na ce ba ta faɗa ba. Ya ce yaro mai irin wannan ciwo ba ya yin shiru haka kawai. Ni kuwa na san dalilin.

A kwana na uku wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta tambaye ta, daga ɗaya zuwa goma, zafin ciwon nawa ne. Kunnena ya tashi, ashe shi ma ciwo ana auna shi. Ummi ta ce ba ta sani ba. Da matar ta fita na matso bakin gadon na ce, "Ummi, gaya mini yadda yake. Kamar me kike ji?" Ta juya fuskarta bango. Can sai ta yi magana, amma ba da ni ba.

"Inna, ki gaya masa kamar an sa ni gudu daga nan har Malumfashi da rana tsaka, kuma ba a yarda in tsaya ba."

Malumfashi can ne gidan kakarta, mahaifiyar Innarku, kuma ita ce tafiya mafi nisa da ta sani a duniya.

Aka sallame mu muka dawo gida, amma ba a dawo mini da 'yata ba. In na ce, "Ummi, ya jiki?" sai ta ce, "Lafiya lau, Baba," ko da kuwa ina ganin tana jan ƙafa. Na sayo tsire, na sayo 'yan kunne, na zaunar da ita na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Baba," cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, kuma wallahi da zagina ta yi ya fi mini sauƙi. Wata rana Innarku ta same ni a zaure ta ajiye mini kwanon abinci da ɗan ƙarfi.

"Malam, ni ma yanzu ba ta gaya mini. Ta ce in ta gaya mini zan gaya maka. Kuma ka ji abin da likita ya ce, in aka sake makara irin waccan ba lalle mu dawo da ita ba. Kai ka kulle bakin nan, sai ka san inda za ka samo mabuɗin."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Amma tunda gaskiya na zauna faɗa muku, ba tsoro kaɗai ba ne. Maganar Malumfashin nan ta maƙale mini a kai. Ina tsaye gaban sikeli ina tunani, shin yaya mutum yake ji idan ya yi gudu daga nan har can? A ina ƙafa take fara ciwo? Me rana ke yi wa jiki bayan awa uku, bayan awa biyar? Yarinyar ta ba ni awo, awo na farko da ta taɓa ba ni, ni kuwa ban san nauyinsa ba. Mai awo ba ya karɓar dutsen awon da bai taɓa ɗagawa ba. Na yanke shawara zan je in ɗaga shi.

Wanda na fara gaya wa shi ne Sande mai kemis, abokina na shekaru, wanda mahaifinsa ya zo daga kudu da aikin jirgin ƙasa, shi kuwa a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya cire tabarau ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Mai-sikeli, ka san abin da kake faɗa kuwa? Wannan shi ake ce wa gudun famfalaki, kilomita arba'in da biyu, kuma hanyar Malumfashi ta ɗara haka. Samari ke yin sa, su yi wata da watanni suna shiri, kuma ba a bazarar Funtua ba. Ka bari damina ta sauka mana."

"Ba ta ce da damina ba, Sande. Da rana tsaka ta ce."

"To sai ka faɗi a hanya ka bar ta da ciwo biyu."

Ya yi ta faɗa har ya gaji, sannan ya kafa sharaɗi: zai bi ni a babur da jarkar ruwa da haɗin gishiri da sukari, kuma duk inda ya ce in tsaya zan tsaya. Na yi mako bakwai ina gudu a gefen layin dogo bayan sallar asuba, ni da na haura hamsin. Ranar farko ban kai siginar jirgi ba na zauna ina haki kamar tsohon jaki. Abin mamaki, kullum sai ƙafar ta ƙara kaɗan. Nakan hau sikelin kamfani kafin in fita da bayan na dawo, na gano mutum kan zubar da ruwa mai yawan da ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa. Innarku ta yanke mini wani tsohon wando ƙasa da gwiwa, tana ɗinkin bakin tana mita.

"Mutum da furfura a gemu, ba kare ya biyo shi ba, ba gobara ba. In an tambaye ni a gidan suna in ce me?"

Amma ita ce take tashi ta dama mini kunu kafin in fita. Ummi kuwa tana gani ina dawowa jiƙe da gumi, ba ta taɓa tambaya ba. Ranar tafiyar, tsakiyar bazara, lokacin da ko tsuntsu ba ya son tashi daga inuwa, na tsaya a ƙofar ɗakinsu na ce, "Ummi, yau zan je in ga hanyar nan da kika faɗa." Ta dube ni ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Daga Funtua zuwa Bakori ban ji komai ba sai daɗi. Gari bai gama wayewa ba, gonaki fetal an share su ana jiran ruwa, mata na tafe da ƙwaryar nono. Wahalar da na sha a nan ta gaisuwa ce. Yaya za ka wuce dattijo zaune a bakin hanya ba ka rage tsawo ba? Na yi ta ɗaga hannu ina "sannunku" ina haki, su kuwa suna bin bayana da "Lafiya? Malam, lafiya?" Masu acaɓa uku suka tsaya suna roƙona in hau kyauta. A Bakori gwiwar hagu ta fara magana ƙasa-ƙasa, na lura da ita na ce to, ga awo na farko, ciwon da mutum ke iya hira da shi a jiki.

Bayan Bakori akwai wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don har yau mutanensa na jin kunyar abin. A nan muka gane kuskuren da ni da Sande duk wayonmu ba mu hango ba. Rana ta fara zafi, Sande ya naɗe kansa da fuskarsa da ƙyalle, ya sa baƙin tabarau, ga jarka ɗaure a bayan babur, yana tafe a hankali a bayana. Shekarun nan kuwa kun san yadda tsoron ɓarayin shanu ya cika ƙauyuka. Wata mata a bakin rijiya ta hango dattijo a guje, ga mai rufaffiyar fuska a babur yana binsa. Ta saki guga ta kurma ihu. Kafin in gane me ake ciki gari ya watse. Mata da goyo sun nufi gonaki, awaki na tsallake darni, mai ƙosai ta bar kaskonta a wuta. Wani tsoho da zai girme ni da shekara goma ya wuce ni fuu, riga a hannu, yana ce mini, "Ƙara wuta, bawan Allah, ya kusa cim maka!" Har yau ina mamakin inda ya samo wannan gudun, kuma na so a ce na tambaye shi.

'Yan sintirin garin suka tare Sande da gora. Ina jin sa yana ihu, "Ni ne Sande mai kemis! Ruwa ne a jarkar, ku sansana!" Suka sansana ɗaya bayan ɗaya. Aka tasa mu gaba zuwa wurin mai unguwa a gindin wani mangwaro, mutane na dawowa daga gonaki suna kewaye mu, kowa ransa a ɓace.

"Malam," in ji mai unguwar, "a ƙasar nan babba ba ya gudu sai da dalili. Me ya koro ka?"

"Ranka ya daɗe, wata magana ce da na faɗa wa 'yata."

Ya ce in faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa maganar yayyafa ruwan nan ba, ko Sande bai sani ba, sai ga ni ina faɗin ta a gaban mutum fiye da hamsin, da guntun wando. Da na gama sai wata tsohuwa ta yi magana daga baya.

"Amosanin ƙashi kenan. Jikana ma haka yake. Mu ma in ya ce ba zai iya zuwa gona ba, cewa muke ragwanci ne."

Mai unguwar ya ciro waya ya fara kiran masu unguwannin da ke gaba ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu wani dattijo na tafe a guje saboda 'yarsa mai amosanin ƙashi, lafiya ce, kada kowa ya gudu, a fito masa da ruwa. Ya sa Sande ya kwance ƙyallen. Sai dai sanyin safiyar da muka yi lissafi da shi ya riga ya tafi a gindin mangwaron nan. Da muka koma kan titi inuwata ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafata. Na nemi rana tsaka, ga ta an ba ni.

Ban san zafi yana da hawa-hawa ba sai ran nan. Akwai wanda ke saukowa daga sama, akwai wanda ke tasowa daga kwalta ya ratsa takalmi, akwai kuma na uku da ke tashi daga cikin mutum, shi ne mugun. Kwaltar ta yi laushi tana kama takalmina. Can gaba sai in hango kamar ruwa kwance a titi, in na isa babu komai. Akwai wata gada a kan busasshen rafi, a nan ciwon ya bar gwiwa ya hau cinya da baya, na daina amsa gaisuwa, na daina kallon gonaki. Na riƙe wannan a raina a matsayin awo na biyu, inda mutum ba ya son a yi masa magana. Abin da ya riƙe ni shi ne wayar mai unguwa. Kun san randar da ake ajiyewa a gindin bishiya saboda matafiya. Ran nan duk ƙauyen da na shiga an jawo randar har bakin titi, mata na tsaye da moɗa, wata ta dama farau-farau, wani dattijo ya kwara mini ruwa a ka ba tare da ya tambaye ni ba. Ba wanda ya yi dariya. A wuri biyu na ji ana cewa, "Shi ne uban yarinyar." Ban san akwai gidaje masu irin ciwon Ummi da yawa haka a hanyar nan ba, kuma na bi ta a mota ya fi sau ɗari.

Bayan azahar, wadda na yi a zaune, muka iso wata tsohuwar kuka ita kaɗai a gefen hanya. A nan wani abin mamaki ya faru. Gumi ya tsaya mini cak, tsigar jikina ta tashi, na ji sanyi a tsakiyar wannan wuta. Ina cikin mamakin yadda haka ke yiwuwa jijiyoyin ƙafafuna biyu suka ɗaure lokaci ɗaya, na zube. Na yi ihu, 'ya'yana, ihu sosai, irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Sande ya yar da babur ya ja ni inuwa, yana kwara mini ruwa yana ɗura mini gishiri da sukari yana zagina da Hausa da yarensu. Ina kwance ina kallon rassan kukar, sai na duba ƙafar tawa. Ba kumburi, ba rauni. Da wani zai zo ya danna ya ce nan ne ko nan, ba zai ga komai ba. Na yi kuka a wurin, kuma ba na ƙafa ba ne.

Wata bas ta tsaya, direban ya ce a sa ni a ciki. Sande ya ce shi ma ra'ayinsa kenan. Na roƙe shi ya ba ni rabin awa. Ba zan ɓoye muku ba, daga kukar nan abin da na yi ba gudu ba ne, sassarfa ce da ɗingishi, in yi kaɗan in taka kaɗan, na kuma sake tsayawa sau biyu. La'asar sakaliya muka shiga Malumfashi. Ni da ban taɓa shiga gidan surukata ba sai da babbar riga, ina sunkuyar da kai, ran nan a zaurenta aka shimfiɗe ni da guntun wando, ƙafa a sama. Na ji muryarta daga ciki.

"Wane ne wannan aka zubar mini a zaure?"

Sande ya ce, "Hajiya, surukinki ne, daga Funtua yake, a ƙafa."

Ta yi salati. Can ta ce, "Motocin sun ƙare ne?" Da aka yi mata bayani sai ga fura an aiko, da zane wai in rufe ƙwaurina.

Washegari aka sa ni a mota. Mutum biyu suka riƙo ni daga bakin titi zuwa tsakar gida suka ajiye ni a tabarma, wadda Ummi ke kwanciya a kai in ciwonta ya tashi. Innarku ta dube ni ta ce, "Sannu, ɗan tsere," ta shige madafa tana share ido. Ummi na tsaye a bakin ƙofa. Ban ce ta zo ba. Na fara ba da rahoto kawai, kamar yadda nake karanta wa manomi awonsa. Na ce a Bakori kaza na ji, a gada kaza, a gindin kuka kaza. Ina cikin magana na ga ta matso, ta tsuguna. Ashe ɗiyar mai tambaya ce.

"Baba, naman ne yake ciwo ko ƙashin?"

"Naman."

"Nawa ƙashin ne. Ka tsaya a hanya?"

"Na tsaya. Sau uku, ban da na mai unguwa da na salla."

"Da aka zuba maka ruwa ya ragu?"

"Ya ragu."

Ta tsaya tana lissafi, kamar yadda nake yi in allurar sikeli tana rawa.

"To ba ka kai ba, Baba."

"Ban kai ba, Ummi. Abin da na je na gano kenan. Naki ya fi wanda kika faɗa ma nauyi. Ba audugarki ce da ruwa ba, sikelina ne ya lalace."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba komai ba. Ta tashi ta shiga madafa, ta dawo da ruwan ɗumi a roba da tsumman da ake gasa mata jiki. Ta fara gasa mini ƙwauri, ta san daidai inda ake dannawa. Na cije leɓe.

"In ya yi zafi ka yi kuka, Baba," in ji ta. "Ni ba zan ce komai ba."

Daga ran nan ta ci gaba da gaishe ni kamar da, ni kuwa ban sani ba ko gudun ya yi wani amfani ko farcen ƙafata biyu da suka fita a hanya na zubar a banza. Na ci gaba da kallon tafiyarta a sace ina jin tsoro. Bayan mako uku ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi, irin sanyin da ke tayar mata da ciwo. Washegari da hantsi ina zaune a zaure ina shan shayi, ina shirin fita aiki, sai na ji an ja hannun rigata. Ummi ce. Ba ta kuka, ba ta ɗingishi, da ka gan ta ka ce lafiyarta lau.

"Baba," in ji ta, "ina Bakori."

Na ajiye kofin. Ban danna ko'ina ba, ban tambaye ta nan ne ko nan ba. Na ɗauke ta a babur muka tafi asibiti, aka sa mata ruwa, kwana ɗaya muka dawo, ba a yi ƙarin jini ba.

Shekara goma kenan. Yanzu kun san dalilin da ya sa in ta bugo waya daga makaranta ba na fara da gaisuwa, sai in ce, "Ummi, ina kike?" Sau da yawa takan yi dariya ta ce tana Funtua, ko takalmi ba ta sa ba. Wani lokaci ta ce Bakori, wani lokaci gada, sau huɗu ta ce gindin kuka. Wata rana ba ni za ta kira ba, ɗayanku za ta kira. Duk garin da ta faɗa muku, a can take. Kada ku cire komai, ku tashi ku tafi.